Mai Bugun Kusurwa

Idan aka ci ƙwallo a filin wasa, abu biyu alƙalin wasa ke rubutawa a ɗan littafinsa: lambar rigar wanda ya ci, da mintin da ya ci. Waɗannan biyun ne ke shiga jarida washegari, su ne ke zama a kundin tarihi, su ne kuma yara ke haddacewa suna gardama a kansu bayan shekara ashirin. A kundin wasan da ƙasar Niyuzilan ta yi da Baharain a birnin Wellington ranar 14 ga Nuwamba 2009, abin da aka rubuta shi ne Rory Fallon, minti 45. Da wannan ƙwallo guda ɗaya tilo Niyuzilan ta koma gasar cin kofin duniya bayan shekara 28 tana kallo daga gida. Da ka Fallon ya ci ta, kuma duk wanda ya taɓa taka leda ya san kai ba ya sauka ƙasa neman ƙwallo, sai an ɗago masa ita. Wanda ya ɗago ta daga kusurwa shi ne Leo Bertos, ɗan wasan tsakiya mai jinin Mawori, wanda ya sa rigar ƙasarsa sau 56 tsakanin 2003 da 2013 ba tare da ya jefa ƙwallo ko ɗaya a raga ba. A kan wannan mutum nake son in yi magana, domin tun da na san labarinsa nake ganin irinsa a gidanmu da unguwarmu.

Ta hanyar karatu na fara zuwa gare shi. A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda na karanci tarihi, kundin bincikena ya duba rawar da Nijeriya ta taka wajen yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A cikin wannan karatu na iske labarin wasannin Olamfik na Montreal a 1976, waɗanda Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka fiye da ashirin suka ƙaurace wa. Dalilin ƙauracewar wata ƙasa ce ƙarama a can ƙuryar tekun Fasifik, wadda 'yan wasanta na ƙwallon zari-ruga suka je wasa Afirka ta Kudu 'yan makonni bayan an harbe ɗalibai a Soweto, kwamitin Olamfik kuma ya ƙi hana ta shiga gasar. Da na bi zaren labarin sai na tarar tsiyar ta daɗe. A 1928, da 1949, da 1960, duk sanda tawagar Niyuzilan za ta tafi Afirka ta Kudu, a gida take barin 'yan wasanta 'yan Mawori don kada ran masu masauki ya ɓaci. A 1970 da aka yarda suka je, sai da aka ba su matsayin fararen fata na wucin gadi kafin su taka filin. Wannan ne ya sa na ajiye kundina na 'yan kwanaki, na shiga tambayar su wane ne waɗannan mutane.

Mawori su ne mutanen da suka fara zama a tsibiran. Sun iso cikin manyan kwale-kwale daga gabashin Folinisiya kimanin shekara ɗari bakwai da suka wuce, kuma sunan ƙasar a harshensu Aotearoa. Ranar 6 ga Fabrairu 1840 sarakunansu suka fara sa hannu a yarjejeniyar Waitangi tare da wakilan Sarauniyar Ingila, sai dai rubutun Turanci da na Mawori ba su faɗi magana ɗaya ba a kan wanda ke da iko da ƙasa. Abin da ya biyo baya ba baƙo ba ne ga duk wanda ya karanci tarihin mulkin mallaka: yaƙe-yaƙe, ƙwace gonaki, da makarantun da ake dukan yaro idan ya yi magana da harshen da ya sha a nono. Harshen ya kusa mutuwa. A 1972 aka kai wa majalisar ƙasar takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum fiye da dubu talatin, ana neman a koyar da shi a makarantu. A 1982 aka buɗe gidajen renon yara inda tsofaffi ke magana da jikoki da Mawori zalla, a 1987 kuma doka ta mai da shi harshen hukuma. Yau kusan mutum ɗaya cikin shida a ƙasar Bamawore ne.

A fagen wasanni, zari-ruga ce gidan da Mawori suka daɗe da shiga suka baje kolinsu. Tun a 1888 da 1889 wata tawaga wadda mafi yawanta 'yan Mawori ne ta zagaya Birtaniya da Ostireliya da gida tana wasa, ta buga wasa 107 a tafiya ɗaya. Rawar haka, wadda 'yan wasan ƙasar ke yi kafin a fara wasa suna buga ƙirji da cinya, gadonsu ce. Ƙwallon ƙafa kuwa ta daɗe a matsayin wasan baƙi: Ingilishi da suka zo aiki, 'yan Holan, 'yan Kuroshiya, Girkawa, kowace al'umma da kulob ɗinta. Yaron Mawori da ya zaɓi ƙwallon ƙafa ya zaɓi hanyar da ba ta da sawu da yawa. Akwai dai sawu ɗaya babba, na Wynton Rufer, ɗan Basuwizale da Bamaworiya. Ranar 19 ga Disamba 1981, a birnin Riyad, Niyuzilan na bukatar ta ci Saudiyya da tazarar ƙwallo biyar kafin ta kamo ƙasar Sin a teburi. Biyar ɗin kuwa ta ci, Rufer yana ɗan shekara 18 ya zura biyu. Ranar 10 ga Janairu 1982 ya sake ci a wasan raba gardama da Sin a Singafo, aka tashi 2 da 1, ƙasar ta tafi gasar kofin duniya karo na farko. Daga baya ya zama tauraro a Werder Bremen ta Jamus, ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Turai da suka doke Monaco a 1992, ya ɗauki kofin gasar lig ta Jamus a 1993, aka kuma zaɓe shi gwarzon ƙarni na yankin Oshiyaniya.

Kwana ɗaya bayan wancan wasa na Riyad, ranar 20 ga Disamba 1981, aka haifi Leo Bertos a Wellington, uba Bagirke, uwa Bamaworiya. A Wellington Olympic ya taso, kulob ɗin da Girkawan birnin suka kafa. A lokacin ƙasar ba ta da gasar da matashi zai ci abinci da ƙafarsa, saboda haka duk mai buri sai ya haye jirgi. Bertos bai cika shekara ashirin ba ya isa Barnsley, tsohon garin masu haƙar kwal a arewacin Ingila, wanda kulob ɗinsa bai daɗe da saukowa daga gasar Firimiya ba. Tazarar da ke tsakanin Wellington da Barnsley ita ce kusan mafi nisa da mutum zai iya yi a bayan ƙasa. Idan rana ta fito a ɗaya, a ɗayan faɗuwa take yi, kuma watan da ake rani a gida shi ne watan da ƙanƙara ke rufe filin atisaye a can. Ya yi shekara uku a Barnsley, wasannin da ya buga ba su taka kara sun karya ba.

A 2003 ya sauka zuwa Rochdale, a mataki na huɗu na ƙwallon Ingila, inda ya samu kaka biyu yana wasa kusan kowane mako. A wannan shekara ce kuma aka fara kiransa tawagar ƙasa. Daga nan hanya ta ƙara gangarawa. A kakar 2005 zuwa 2006 kaɗai ya sa rigar Chester City, ya sa ta York City, ya sa ta Scarborough, biyun ƙarshe ma a mataki na biyar suke, ƙasa da gasar ƙwararru ta gargajiya. Wannan ita ce ƙwallon Turai da ba a nuna mana a gidan kallo: kwantiragin 'yan makonni, ɗakin haya, doguwar tafiya a bas daren Talata, 'yan kallo dubu ɗaya ko biyu cikin ruwan sama, da kulob ɗin da ba a tabbatar zai biya albashin wata ba. Scarborough ta rushe a 2007 saboda bashi. Chester City ta bi bayanta a watan Maris 2010. Mutumin da ya bar gida yana mafarkin bin sawun Rufer ya wayi gari yana ɗan shekara 24, ƙasarsa na kiransa ɗan wasanta, Ingila kuwa ba ta da inda za ta ajiye shi.

Nan ne labarinsa ya fara kama da labaran da na sani. A garinmu ba a rasa matashin da ya tafi Legas, ko Agadas, ko Turabulus, ko Jidda, aka raka shi tasha da addu'a, shekaru suka wuce, kuma abin da ya hana shi dawowa shi ne tambayar da za a yi masa a zaure: me ka zo da shi? Da yawa sun gwammace su ƙare a can cikin wahala da su dawo a ce sun dawo hannu rabbana. Bertos ya juyo. A 2006 ya koma Perth Glory a sabuwar gasar Ostireliya, wadda kakarta ta biyu ke nan. A 2008 ya koma garin haihuwarsa, ya shiga Wellington Phoenix, kulob ɗin da aka kafa shekara ɗaya kafin nan, wanda a lokacin shi kaɗai ne na ƙwararru a duk faɗin ƙasar. Kocinsa a can Ricki Herbert ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka je gasar 1982, kuma shi ne ke riƙe da tawagar ƙasa a lokaci guda. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi dai ya dawo ya tarar gida na da aikin da yake jiransa.

Aikin kuwa mai nauyi ne. Ostireliya ta fice daga yankin Oshiyaniya ta koma Asiya a 2006, ta bar wa Niyuzilan sarautar ƙananan tsibirai, sai dai zakaran yankin ba shi da kujera kai tsaye a gasar duniya, dole ya kara da wata ƙasa daga wata nahiya. A 2009 Baharain ce, wadda ta fitar da Saudiyya. Herbert ya duba abin da ke hannunsa: dogayen 'yan gaba uku, wato Fallon da Chris Killen da Shane Smeltz, da ƙaƙƙarfan kyaftin a baya, Ryan Nelsen. Sai ya tsara uku a baya, huɗu a tsakiya, uku a gaba. Irin wannan tsari yana ɗora dukan gefen fili a wuyan mutum ɗaya. Na dama shi ne Bertos. Tun yarinta an san shi da gudu da yanka da kai hari. Yanzu an ce masa idan ƙwallo na hannun abokan hamayya shi ne mai tsaron baya, idan ta dawo shi ne ɗan gaba, kuma tsakanin ayyukan biyu akwai kimanin mita ɗari da zai riƙa sassarfa a kai har minti casa'in. Ɗan wasan da ke ƙidaya ƙwallayensa ba ya karɓar irin wannan aiki da daɗin rai, domin lokacin da zai isa bakin raga numfashinsa ya ƙare. Bertos ya karɓa, ya riƙe shi shekaru.

An tashi canjaras babu ci a Manama ranar 10 ga Oktoba. Wasa na biyu aka yi a Wellington, gaban mutum fiye da dubu talatin da biyar, taron da ƙwallon ƙafa ba ta taɓa tarawa a ƙasar ba kafin wannan dare. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci aka samu bugun kusurwa. Na buga kusurwa a ƙungiyar unguwarmu shekaru da dama, saboda haka na san kaɗaicin wannan wuri. Mai bugun yana tsaye shi ɗaya a inda layi biyu suka haɗu, 'yan kallo na numfashi a ƙeyarsa, kowa kuma idonsa na cikin da'ira inda ake turereniya. Idan ƙwallo ta yi ƙasa, mai tsaron farko ya kore ta. Idan ta yi sama, ta wuce kowa. Idan ta matsa kusa da raga, gola ya cafke. In ta lalace, sunansa ake kira da zagi. In ta yi kyau, sunan wani ake kira da kirari. Bertos ya ɗago ta, Fallon ya tashi ya sa mata kai, ta shige. Ɗan wata Bamaworiya ya aika, ɗan wata Bamaworiyar ya karɓa, domin shi ma Fallon ta wajen uwa jinin Mawori ne, mahaifinsa kuwa shi ne mataimakin kocin tawagar 1982. Bayan hutu aka ba Baharain bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda da ya shiga da su ne za su tafi, Mark Paston ya kama. Aka tashi 1 da nema.

Lokacin da ake wannan wasa safiya ce a agogonmu, kuma ba na jin akwai wanda ya damu da shi a duk unguwarmu, domin a wannan rana ta Asabar ce Nijeriya ma ke neman tata kujerar. Ina ɗan shekara goma yayana ya biya mini kuɗin gidan kallo, muka ga yadda Obafemi Martins ya ci biyu, Yakubu ya ci ɗaya, aka doke Kenya 3 da 2 a Nairobi, labari kuma ya zo cewa Mozambik ta kayar da Tunisiya. Rana ɗaya ƙasashen biyu suka samu tikitin Afirka ta Kudu. Abin da kowacce ta yi da tikitinta shi ne ya bambanta.

Niyuzilan ta je ana ganin ta zo cika lissafi ne. Ranar 15 ga Yuni 2010 a Rustenburg, Silobakiya na gaba da ci ɗaya har lokaci ya cika, sai Winston Reid, wani Bamaworen da ya girma a Danmak, ya rama da ka a cikin mintunan ƙari. Ranar 20 ga wata a Nelspruit suka kara da Italiya mai riƙe da kofin. Smeltz ya ci a minti na 7, Italiya ta rama da bugun fenareti, daga nan ta yi ta dukan ƙofa har aka tashi 1 da 1. Kafin a tashi Herbert ya sako Andy Barron, ma'aikacin banki wanda sai da ya nemi izinin ofis kafin ya zo gasar. Ranar 24 ga wata a Polokwane aka tashi babu ci da Faraguwe. Ba su wuce rukuni ba, amma sun ƙare a saman Italiya, kuma da aka kammala gasar su kaɗai ne cikin ƙasashe 32 ba a doke ba, domin ita kanta Sifaniya da ta ɗauki kofin Suwizalan ta ci ta a wasan farko. Bertos ya buga dukan wasannin uku a gefensa na dama. Wata uku bayan rushewar Chester City, tsohon ɗan wasanta yana tare hanyar zakarun duniya. Ga wanda ya karanta labarin 1928 da 1960 kuwa akwai wani abin lura: 'yan Mawori huɗu ne a wannan tawaga, Bertos da Reid da Fallon da Jeremy Christie, a kan ƙasar da aka taɓa hana kakanninsu taka fili, babu wanda ya nemi ya ara musu wata fata.

Mu kuwa a wannan gasa sunan ɗan wasan tsakiyarmu ne ya zauna a bakin kowa. Ranar 17 ga Yuni a Bloemfontein muna gaban Girka da ci ɗaya, sai Sani Kaita, ɗan Kano, ya kai wa wani ɗan wasa ƙafa a bakin layi, aka ba shi jan kati, aka ci mu 2 da 1. Mutumin da ya taimaka aka kawo lambar azurfa daga gasar matasa ta 2005 da Olamfik na 2008 ya koma gida cikin saƙonnin barazana. Idan na ajiye Kaita da Bertos gefe da gefe sai in ga yadda rabon ɗan tsakiya yake a wurin jama'a. Daƙiƙa ɗaya ta fushi ta shafe wa ɗaya aikin shekaru, ba a manta ba har yau. Daƙiƙa ɗaya ta gwaninta ta kai ƙasar ɗayan gasar duniya, a wajen ƙasarsa kuwa da wuya a sami mai tuna sunansa. Laifi tudu ne, ana hango shi daga nesa. Aikin da ya tafi daidai kuwa shiru yake yi.

Mutanen mahaifiyar Bertos suna da suna ga masu irin wannan aiki. A dandalin taronsu, wanda suke kira marae, akwai gaba akwai baya. A gaba dattawa ke zama su yi jawabi, su kawo tarihin zuri'a, su yi wa baƙi maraba. A baya akwai masu girki da wanke-wanke da shimfiɗa, waɗanda ake kira ringawera, ma'ana masu hannu da zafi, saboda wuta da tukunya. Al'adarsu ta yarda cewa mutuncin masu masauki a hannun na baya yake, domin duk iya maganar dattijo, idan baƙo ya tashi da yunwa an zubar da girman gida. Suna kuma da karin magana cewa dankali ba ya faɗin zaƙin kansa. Da na karanta wannan, yayana ne ya faɗo mini a rai.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu Yaya ya gama sakandare da sakamakon da ya fi wanda na samu daga baya. Bai nemi jami'a ba. Ya tafi Legas, ya yi dako a kasuwa, ya yi gadi, ya koyi ɗinki a wurin wani tela, bayan shekara shida ya dawo da keken ɗinki guda ɗaya da jakar kaya. Na ji da kunnena ana cewa wane ya sha Legas ya dawo ba ko babur. Da wannan keke ya biya kuɗin jarrabawata, ya biya rajista shekara huɗu har da wadda yajin aiki ya ƙara, ya sayi kwamfutar hannu ta biyu da na rubuta kundina a kanta. A watan azumi, lokacin ɗinkin sallah, sai ya kwana uku bai miƙe bayansa a katifa ba. Takardar shaidar digirina na rataye a ɗakin Inna cikin gilashi. Suna ɗaya ne a jikinta, da darajar da aka samu, da shekara, tamkar dai littafin alƙalin wasa.

Ranar walimar kammala karatuna an kafa rumfa a ƙofar gida, aka zaunar da ni a gaba cikin babbar rigar da shi ya ɗinka. Malamai suka yi addu'a, kawunnai suka yi jawabi, kowa na cewa yaro ya yi ƙoƙari. Yaya yana can baya wajen tukwane, hannun riga a naɗe, yana lissafin faranti. Na aika a kira shi, bai zo ba, na tashi na je da kaina.

"Yaya, don Allah ka zo a ɗauke mu hoto."

"Je ka zauna, Auta, baƙi na kallonka. Bari in sallami mutanen Kawu tukuna."

Har aka watse bai gama sallamar mutane ba. A hotunan wannan rana guda ɗaya ne ya fito, shi ma gefen kafaɗarsa ce, yana wucewa da tire.

Ban ce a daina yaba wa mai cin ƙwallo ba. Fallon ya tashi sama a lokacin da ya dace, kuma da ya kuskure da bugun Bertos ya tafi a banza. Ni ma na yi karatun, babu wanda ya shiga ɗakin jarrabawa a madadina. Abin da ke damuna shi ne yadda muke renon yara a kan lissafi guda ɗaya. A gidan kallo gardamarmu ba ta wuce wa ya fi wa yawan ƙwallaye. A gida tambayarmu wa ya zo na ɗaya, wa ya sayi mota, wa ya gina bene. Yaron da ya taso a haka zai ɗauka cewa duk aikin da ba a rubuta sunansa a kai ba asara ne, kuma ranar da aka ce ya koma gefen dama ya yi gudu domin wani ya ci, zai ga an wulaƙanta shi. Ƙungiyar da kowa ke jiran a ɗago masa ba ta cin wasa, haka ma gida, haka ma gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya haddace wannan, sai dai idan jinka ta hau ɗaki mai gida kaɗai ake wa barka.

Ƙarshen wasan Bertos bai zo da ganga ba. A 2012 Sabuwar Kaledoniya ta fitar da Niyuzilan a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Oshiyaniya a Honiara. A 2013 Meziko ta tare musu hanyar Burazil da ci 9 da 3 a wasa biyu, kuma a wannan shekara ce ya sa rigar ƙasa karo na ƙarshe. A 2014 ya bar Phoenix bayan kaka shida, ya tafi East Bengal ta birnin Kalkata a Indiya, aka ba da aronsa ga NorthEast United, inda ya sake haɗuwa da Herbert. Daga bisani ya sauka a Hamilton Olympic, ƙaramin kulob a Ostireliya. Da Olympic ya fara, da Olympic ya rufe. A watan Maris 2025 Niyuzilan ta sake samun tikitin gasar duniya, wannan karo kai tsaye, da 'yan wasan da yawancinsu yara ne 'yan makaranta a daren da aka doke Baharain.

Ni yanzu tarihi nake koyarwa a wata sakandare, da yamma kuma ina taya yaran makarantar atisaye. Idan suka dawo daga wasa suna ihun sunan wanda ya ci, nakan bari su gama, sannan in tambaye su wa ya ba shi, wa kuma ya ƙwato ta tun farko. Da farko sukan tsaya kallon juna. Yanzu sun saba, har akwai masu gardama a kan amsar. Albashin bai kai ya kawo ba, amma akwai abin da nake cirewa tun kafin in taɓa sauran. Babbar 'yar Yaya ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare bana, kanta na ja, ta ce likita take son zama. Kuɗin makarantarta a wuyana yake. Da na gaya wa Yaya haka yana kan keke, bai ɗago ba, ya ce in miƙo masa almakashi.